Coci Takwas

Mu masu haɗa ƙarfe ba mu da kalmomi da yawa a kan tsayi. 'Yan jarida ne ke da su. Su ne za su tsaya a bakin titi da takalma masu sheƙi, su ɗaga kai har hula ta faɗi, su koma ofis su rubuta cewa gini ya tokare sama, ya tsaga gajimare, wai kuma mu 'yan ƙabilar Mohawk an haife mu ba tsoro. Wanda ya fara rubuta wannan magana, da zan samu in hau da shi hawa goma kacal, da na ga yadda wandonsa zai ƙare. Tsoro kam muna da shi kamar kowa. Abin da muka iya shi ne rashin kiran sunansa.

A wurinmu hawa lamba ce kawai, wadda ake shafawa da fenti a jikin ginshiƙi. Abin da ke ƙarƙashin ƙafarka kuwa, hawa uku ne ko saba'in, sunansa ɗaya, rami. In mutum ya faɗo sai a ce wane ya tafi rami, a cire hula, a tashi daga aiki ranar. In ka matsa sai an kwatanta maka inda muka kai, da gahawa ake aunawa, wadda ake turo mana da hantsi cikin bokiti a ƙugiyar injin ɗaga ƙarfe. Ta iso da zafi, ba a je ko'ina ba. Ta iso da ɗumi, aiki ya yi nisa. Ginin da nake ba da labarinsa, a Manhattan, shekarar 1974, an fi wata guda gahawa na iso mana sanyi ƙalau.

Abokin aikina Wendell ne, mijin ƙanwata Verna. Shekara goma sha tara da aurensu amma ban daina kiransa Ango ba, shi kuma yana kirana Tsoho maimakon Roderick, alhali shekara huɗu kawai na ba shi. Ɗaki ɗaya muke haya a Brooklyn. Ran Juma'a in an tashi mu shiga tsohuwar motata mu tsallake iyakar ƙasa zuwa garinmu Kahnawake, Lahadi mu juyo. Aikinmu bai da wuyar faɗa. Inji ya ɗago azarar ƙarfe, ni in tare wannan kan a ginshiƙina, shi ya tare wancan a nasa, kowa ya zura wutsiyar sifana cikin huda ya daidaita, ya ɗaura noti ɗaya. Sannan ɗayanmu ya taka zuwa tsakiya ya kwance igiyar inji. A zamanin ba a ɗaure mutum da komai.

Wendell mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. Ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. A gidan abinci sai ya jera cokali da wuƙa sun yi layi kafin ya ci. Ni kuwa ya ce min aikina kamar na mai gudun ruwan sama ne, kullum cikin gaggawa. Shekara goma sha biyu muna wannan faɗan, kuma ban taɓa son a haɗa ni da wani ba.

Litinin ɗin ruwa ya hana mu hawa. Muka wuni a ɗaki, Wendell ba ya son hira, ko kati da na fito da shi ya ce ba ya yi. Na ɗauka shi da Verna ne suka ɗan taɓa, don na san bakin ƙanwata. Talata gari ya waye tas, sai 'yar iska daga wajen kogi. Muna hawa na sittin da ɗaya.

Azara ta huɗu ta ranar ta bakin gini ce. Ta ciki, in mutum ya zame, katakon da aka shimfiɗa hawa biyu ƙasa zai tare shi, ya karye amma ya rayu. Ta waje babu komai sai titi. Tsawonta ƙafa talatin, faɗin bayanta bai fi tafin takalmi ba. Na sa notina, ya sa nasa, ya miƙe ya taka zuwa tsakiya kamar yadda ya yi sau dubbai. Ya sunkuya ya kwance igiya, ya ɗaga hannu, inji ya janye ƙugiya. Har na juya ina neman azara ta gaba.

Da na waigo sai na gan shi zaune, ya hau azarar kamar doki, ya kifa ƙirjinsa a kai, ya rungume ta da hannu biyu.

"Ango, barci ne?"

Na ga wuyansa ya sandare, kumatunsa manne da ƙarfe, fuskarsa na kallon waje. Nan na gane ya daskare. Na taɓa ganin mutum ya daskare sau biyu a rayuwata, duka biyun sababbin hannu ne. Ɗaya an sauko da shi. Ɗayan kuwa, hannunsa ne ya gaji, ya tafi rami.

Helumanmu, wato shugaban aikinmu Ambrose, wani jibgegen mutumin Newfoundland da ba ya magana sai da ihu, ya hango daga kan katako. A karon farko tun da na san shi ya yi shiru. Ya ɗaga hannu ɗaya, inji ya tsaya, masu ɗaure noti suka ajiye guduma. Ba wanda ya kalli Wendell kai tsaye. Wani ya fito da taba, wani ya shiga gyaran igiyar takalmi. Haka ake yi.

Ka'idar kowa ya san ta. Ba a taɓa wanda ya daskare, don zai cafke ka da ƙarfin mutum uku ku tafi tare. Ba a ce masa kada ya dubi ƙasa. Abokin aikinsa ne ke zuwa, shi kaɗai. Na hau azarar a zaune, na ja jiki a hankali har ya rage taku biyu tsakaninmu, na tsaya. Ina jin numfashinsa.

"To, ga ni. Wace ce ta ɓata maka rai, in je in rama maka?"

Leɓensa ya motsa. Sai da na karkata kunne.

"Coci takwas, Tsoho."

"Wane coci?"

"Namu. Na gida. Delphine ce. Malamarsu ta ba su aiki, kowa ya rubuto kalmomin da ake kwatanta dogon gini. Ta rubuta su reras. Zanƙalele. Tsololo. Katafare. Mai taɓa gajimare. Ta karanta min ran Lahadi, na yi dariya."

Delphine 'yarsu ce ta ƙarshe, shekararta goma sha ɗaya, kanta na ja fiye da na duk zuriyarmu.

"To sai me? Ai abin dariya ne."

"Sai ta ce malama ta ce kalmomin nan ba sa nuna komai, a kwatanta da abin da aka sani. Ta tambaye ni hawa nawa. Na gaya mata. Ta je wurin fada, limamin cocin, ta tambayo tsayin hasumiyar coci. Ta yi lissafi. Ta zana min, Tsoho. Coci kan coci kan coci, guda takwas, ga ni a kan gicciyen na sama, ɗan mitsitsi, ina ɗaga mata hannu."

Hasumiyar nan na san ta. Muna yara mun hau ta ciki a ɓoye, muka leƙa ta tagar ƙararrawa, na ga mutane sun koma kamar kaji, na janye kaina da sauri. Sittin da ɗaya ba ta taɓa ce min komai ba. Amma da ya ce takwas sai na ji azarar ta ƙara siranta a tsakanin cinyoyina. Na zagi malamar nan a zuciyata, baiwar Allah da ba ta san tana yi ba.

Sai na yi wauta. Na ce, "Ai lissafin yarinyar bai yi ba. Hasumiyar nan ta fi yadda fada ya ce. In aka bi gaskiya bai fi bakwai da rabi ba."

Ya yi wani ƙaramin nishi, ya ƙara ƙanƙame ƙarfen. Wai ni nan rage masa na yi. Na sa shi ya koma ƙirgawa daga ƙasa.

Na gwada hirar kamun kifi. Na gwada ta wasan ƙwallon sanda da muka ci 'yan garin Akwesasne shekaru ashirin da suka wuce, wanda ko a jana'iza ka tayar masa sai ya karɓe. Ko motsi. Iska ta ɗan ƙaru, rigarsa na kaɗawa. Na dubi hannayensa na san ba za su yi wani rabin sa'a ba. Mutumin da ya daskare ba ya sakin ƙarfe da niyya, jijiya ce ke gajiya ta buɗe da kanta. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba tun ina yaro. Wannan mijin ƙanwata ne, uban 'ya'ya huɗu, kuma ni na koya masa aikin.

Ban san daga ina dabarar ta zo ba. Na ja da baya, na koma ginshiƙina, na zaro sifana na soma bugun huda ta biyu da ƙarfi, bugun banza, irin na wanda bai taɓa riƙe sifana ba. Ƙarar ta bi azarar har ƙirjinsa. Na zaro noti na cusa a karkace, na kama murɗawa, yana ƙara yana cijewa.

"Hudar nan ba ta zauna ba," na ce da ƙarfi, kamar da kaina nake. "Ba komai. A tura shi haka nan, wa zai gani?"

Na ci gaba da murɗawa. Ta gefen ido na ga kansa ya ɗan ɗago. Ya juyo da fuska daga waje, ya dubi hannuna.

"Kana cinye zaren notin."

"Zai shiga."

"Ba zai shiga ba. Cire."

"Ango, shekara ashirin da shida ina wannan aiki, ba kai za ka koya min ba."

"Shekara ashirin da shida kana ɓata shi. Cire notin nan, ka sa wutsiyar sifana ka danna ƙasa."

Na cire, na sa wutsiyar sifana, na danna sama.

"Ƙasa na ce."

"Ai ƙasan ke nan."

"Wannan ne ƙasa a gidanku?"

Na ji ƙarar sifanarsa ta gogi ƙarfe. Ya matso taku ɗaya a zaune, bai ma san ya yi ba. Ban kalle shi ba. Na sake ɗauko notin na cusa a karkace, wannan karon ta ɗaya gefen. Na ji ya yi tsaki.

"Wallahi Verna ta yi gaskiya, ko ƙusar labule ba ka iya sawa daidai ba."

"Ita ta ce haka?"

"A gaban mutane."

"To zo ka sa, tunda kai ne gwani."

Haka ya taho, yana ja yana zagina. Ya zagi hannuna, ya zagi idona, ya tono wata gada a Buffalo da ya ce har gobe ba ya bi ta kanta saboda ni na haɗa rabinta. Ni kuwa ina ta yi masa gardama, gumi na zuba cikin idona, ina ɓata noti mai kyau. Idonsa na kan hudar nan, bai ɗauke ba ko sau ɗaya. Ƙafa goma sha biyar ce tsakaninsa da ginshiƙi, ta ci mana kusan minti ashirin. Da ya iso na zagaya bayan ginshiƙin na ba shi wuri. Ya fizge sifana daga hannuna, ya zura, ya danna sau ɗaya, huda ta zauna. Ya sa sabon noti ya murɗa da yatsu biyu har ƙarshe.

"Ka gani?"

"Na gani."

A lokacin ne hannun Ambrose ya fito daga kan tsani ya damƙi bel ɗinsa ta baya. Muka sauko da shi kan katako. Ya zauna dirshan. Ni ma na zauna kusa da shi.

Ambrose ya dube mu, ya dubi sauran, ya dawo da muryarsa. "Me kuke kallo? Mura ce ta kama mutum. Roderick, sauka da shi, kada ya shafa mana." Kowa ya gyaɗa kai, aka yarda mura ce. Har yau in ka tambayi wanda yake wurin abin da zai gaya maka ke nan.

A bakin titi Wendell ya yi amai a kwata, ya goge baki, ya ce, "Kai ni gida, Tsoho."

"Brooklyn?"

"Gida."

Ko kaya ba mu canza ba. Kafin azahar mun fita daga birni. Ya zauna a gaba yana kallon hannayensa, can ya ce, "Na gama. Ba zan ƙara hawa ba." Na ce akwai aikin ƙasa, masu ɗaura igiya ma mutane ne. Ya ce kada a gaya wa yarinyar dalili, na ce ko da wuƙa a wuya. Da muka wuce Albany ya koma kujerar baya ya miƙe, barci ya ɗauke shi kamar an buga masa guduma.

Ni kuwa daɗi ne ya cika ni. Ina tuƙi ina waƙa, ina leƙa madubi in ga ƙirjinsa na hawa yana sauka, in ƙara waƙa. Na tsaya shan mai sau biyu, kowane wuri da akwatin tarho a gefe, ga tsaba a aljihuna. Ko kusa abin bai zo min a rai ba.

Mun shiga gari wajen la'asar sakaliya. Tsoho Napoleon na zaune a barandarsa, ya ga motata ya miƙe ya cire hula. Na ɗaga masa hannu ina murmushi. Tota Agathe, wadda duk unguwar ke kira kaka, ta saki tsintsiya ta yi alamar gicciye ta shige gida da sauri. Na ce a raina tsufa ya fara taɓa ta. Yara masu wasa a hanya suka dare gefe suka yi tsit.

Na tsaya ƙofar gidan Verna. Wendell na ta minshari, na ce bari in bar shi ya ƙara minti biyu, in rage masa kaya. Na ɗauki bel ɗinsa da sifanonin a jiki, da hular kwanonsa, na rufe mota a hankali, na nufi gida. Verna na gefen gida tana kwashe shanya. Ta juyo ta gan ni. Ta dubi fuskata, ta dubi hannuna. Zanen gadon da ke hannunta ya sulale ƙasa.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. A garinmu motar aiki ba ta shigowa ranar Talata sai da dalili ɗaya, kuma abokin aiki ne ke sauka shi kaɗai da bel a hannu. Ni ne ya kamata in fi kowa sani. Ina da shekara tara aka kawo wa mahaifiyarmu bel ɗin Baba, ranar Laraba, Verna na riƙe da gefen zanenta.

Ba ta yi kuka ba. Ta dafa sandar shanya ta ce, "Yaya, wane hawa?"

Na yar da bel ɗin, na ruga na dinga dukan rufin mota da tafin hannu. Ƙofar baya ta buɗe, Wendell ya fito da shatin kujera a kumatu, gashi a tsaye, yana mutsuttsuke ido yana tambaya ko mun iso iyaka.

Verna ta tako a hankali. Ta kama kansa da hannu biyu ta jujjuya, ta taɓa kafaɗunsa, ta ɗaga hannayensa ta duba yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juyo kaina. Rigar Wendell ce a kafaɗarta, da ita ta zabga min a fuska, sau uku, da sauran danshinta.

"Babu tarho a New York? Babu a Albany? Kai wai yaushe za ka yi hankali, Yaya?"

Ban kare ba. Na tsaya ta gama, kuma ban taɓa shan dukan da ya yi min daɗi kamar wannan ba.

Kafin nan mata sun soma fitowa daga gidaje, Tota Agathe a gaba da tukunyar miyar masara da ta sauke daga murhunta don gidan makoki. Suka hango Wendell tsaye a kan ƙafafunsa. Tota ta tsaya tsakiyar hanya, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ita dai ba za ta koma da tukunya ba, ta yi nauyi, sai dai mamacin ya zo ya karɓa da kansa. Dariya ta ɓarke, wasu na yi suna share hawaye.

Wendell bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya, ni da Verna kaɗai muka ji.

"Ba mura ba ce, Verna, ko me za su gaya miki. Daskarewa na yi. A kan ƙarfe, a gaban kowa. Na kwanta na rungume shi kamar jariri, na kasa saki."

Ta dube shi ta daɗe.

"Ka kasa saki."

"Na kasa."

"To me kake so in ce? Babanmu sakin ƙarfen ya yi." Ta share fuska da bayan hannu, ta tura shi wajen ƙofa. "Shiga ka wanke hannu, ka zo ka karɓi tukunyar nan, tsohuwa na tsaye."